Katin Misye Dubul-Kilik

Duk wanda ya zauna Difa a shekarar 2004 bai san Malam Ɗalha ba, to zaman banza ya yi. Allah ya yi wa garin nan baiwa biyu, jan tattasai da Ɗalha. Shi ma yana faɗin haka, sai dai yakan fara ambaton kansa kafin tattasan.

Sati biyu cur ya yi a Yamai yana karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ya dawo da takardar shaida, da tabarau marar magani, da yatsa mai danna iska sau biyu kafin kowace magana. Shi ya sa 'yan kasuwa suka sa masa Misye Dubul-Kilik. Ya ɗauka sarauta ce, har yana amsawa.

Ƙungiyar manoman tattasai ta kwarin Komadugu ta ɗauke shi ya riƙe mata biro, wato ofishinta. Ranar da ya kama aiki ya kafa doka: in za a shiga taro, shi ne gaba, dattawa baya. "Zamani ya juya," in ji shi. "Sabo gaba, tsoho ya biyo." Malam Babakura na Geskeru, wanda ya shekara hamsin yana ban ruwa, ya matsa ya ba shi hanya.

Na'ura ɗaya ce a biron. Mai aiki da ita Hanifa ce, sakatariya. Aikin Ɗalha shi ne tsayawa bayanta in baƙi sun shigo. Sati uku ta yi tana buga sunayen manoma ɗari da ashirin masu neman injin ban ruwa. Ranar Laraba wakilin masu ba da injin zai zo daga Yamai, ya karɓi sunayen, ya juya a ranar. Wanda sunansa bai bi motar ba, bana da guga zai shayar da gonarsa, ga kogi ya fara ja da baya.

Ranar Talata da hantsi Ɗalha ya tuna wani babban lamari: baƙo zai zo, shi kuwa ba shi da katin suna. Yana da faifan da ya sayo a Maiduguri, mai buga kati da zanen mikiya. Sai dai faifan ba ya aiki sai da tsohon tsari, Windows 98, na'urar kuwa sabon ne a cikinta, XP.

"Abu mai sauƙi," ya ce, yana danna iska. "Zan zaunar da su biyu. Kana kunnawa ta tambaye ka wanne kake so. Wannan karatun sati na biyu ne, ba kowa ke kaiwa can ba."

Hanifa ta ce, "Misye, mu a Damagaram an koya mana tsohon ake fara sawa. Sabon ya san tsohon, zai bar masa wuri. Tsohon bai san da sabon ba, in ya zo daga baya ƙofar duka yake kamawa. Ko in fara fitar da sunayen a takarda?"

"Madmazel, a biron nan ko na'ura dokata take bi. Sabo gaba, tsoho ya biyo! Sunaye kuwa gaban baƙo zan fitar da su, ya gan su da zafinsu kamar ƙosai."

Kafin la'asar tsohon tsari ya shiga. Kati ɗari biyu suka fito, kowanne da mikiyarsa, an rubuta: Ɗalha Awalu, Babban Ƙwararre kan Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa, Difa da Kewaye. Ya shagala da shafa su, bai lura na'urar ba ta tambaye shi komai ba.

Laraba ta yi, manoma suka cika harabar. Baƙo ya iso. Ɗalha ya shiga gaba kamar kullum, ya yi jawabi kan ci gaban zamani har shayin baƙo ya huce, sannan ya kunna. Na'ura ta wuce kai tsaye wurin tsoho. Ya kashe, ya kunna. Tsoho. Ya sake. Tsoho dai, yana zaune daram. Sunayen suna ɓangaren sabon, inda tsohon ba ya ko gani.

Ɗalha ya ce kuran ne, wato wutar lantarki, ba shi da ƙarfi. Ya ce zafi ne. Ya cire tabarau ya hura wa allon iska. Baƙo ya duba agogo ya ce awa ɗaya gare shi, hanya da nisa. Nan fa abin ya daina ba da dariya. Kowane manomi a wurin ya san nauyin guga a kafaɗa, kuma wallahi sun ba ni tausayi.

Hanifa ba ta nemi izini ba. Ta kwashi katunan nan daga tebur ta fita tana rabawa. "Baba, a juya bayansa. Suna da gari, da ajami ko da boko. Wanda ya iya ya rubuta wa na kusa da shi." Kafin minti arba'in ta tattara ɗari da ashirin cif. Baƙo ya ɗaure su da roba, mikiya tana kallon ƙasa, ya yi godiya ga Hanifa, ya shiga mota.

Mutane suka watse. Ɗalha na zaune gaban na'ura, yatsa ya kwanta. Malam Babakura ya tsinci kati ɗaya a ƙasa. Bai iya boko ba, sai ya tambayi Hanifa me aka rubuta a fuskar. Ta ce sunan wani babban ƙwararre ne kan na'ura.

Tsohon ya tsaya bakin ƙofa sai da aka ce ya shigo. Ya miƙa wa Ɗalha katin da hannu biyu.

"Ɗana, kada ka damu. Nemi wannan mutumin ya gyara maka. An ce ya iya."