Soket Biyu a Zaure Ɗaya

A wani daji mai yalwar itatuwa, akwai majalisa mai ɓangare biyu: 'yan reshe, wato masu fiffike, da 'yan rami. Tun wata tsohuwar gardama kan wanda zai fara shan ruwa a tafki, ko ludayi ba su ƙara haɗawa ba. Da aka kawo lantarki zauren majalisa, kowane ɓangare ya ja wayarsa ya kafa soket ɗinsa, ɗaya a bangon gabas, ɗaya a na yamma.

Wata shekara 'yan reshe suka sayo talabijin. Don kada a fi su, 'yan rami suka sayo manyan lasifikoki. Aka kira Bushiya, mai gyaran wutar dajin, ta haɗa su. Tana haɗawa sai zauren ya ɗauki ƙugi, zuuu, har ba a jin mai karanta labarai.

Washegari da safe Bushiya ta dawo ita kaɗai. Ta zare filogin talabijin daga gabas, ta sa shi a yamma kusa da na lasifika. Ƙugin ya ɗauke ɗif. Na'urori biyu da aka ɗaure da waya ɗaya, amma kowacce tana shan wuta daga layi daban, dole su yi gunaguni. Ta gane, ta kuma gane abin da faɗar hakan zai jawo. Ta mayar da filogin inda yake. Ba wanda ya gan ta sai ƙudajen zuman da ke zaune a kukar da ke jikin taga.

A zaman majalisa, Shamuwa, jagorar 'yan reshe, ta miƙe. "Ranka ya daɗe shugaba, talabijin ɗinmu sabo ne fil, ledarsa ma ba mu gama ɓarewa ba. Ruwa ba ya tsami banza. A duba kayan waɗanda suka saba da sayen gwanjo."

Gafiya ya yi tsalle daga ɓangaren 'yan rami. "Gwanjo? Hajiya, ke da kike rabin shekara a ƙasar waje, yaushe kika san kasuwarmu? Amma ni ba na son rigima. Ina tambaya ne kawai: a dajin nan kaf, su wa aka sani da zuuu?"

Duk idanu suka koma taga. Rabon da ɓangarorin biyu su kalli wuri ɗaya har an manta.

Aka kira Uwar Zuma. Tsohuwa ce, muryarta ƙanƙanuwa. Ta ce, "'Ya'yana, a kukar nan aka haifi kakata. Ba mu da kujera a zaurenku, ba mu taɓa nema ba. Ba zan yi rantsuwa ba. A tambayi mai gyara, abin da ta faɗa na yarda."

Ɓauna, shugaban majalisa, ya juyo. "Malama Bushiya, laifin na'ura ne?"

Bushiya ta dubi gabas, ta dubi yamma. Kowane gefe da ta juya, akwai mai iya hana ta aiki har abada. Ta ji ƙayoyinta suna son rufe mata fuska.

"Ranka ya daɗe, na'urorin lafiyarsu lau."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai. Uwar Zuma ta dube ta, ta ce, "To, madalla, 'yata." Kafin la'asar an turara hayaƙi a kuka, zuma suka tashi suka yi kudu.

Aka kunna talabijin don murna. Zuuu.

Kwana uku Bushiya ba ta iya haɗiye ko tsutsa ba. A na huɗu ta ratsa tsakiyar zaure ana cikin zama, ta zare filogin ta kai shi yamma. Muryar mai labarai ta fito garau.

"Na san wannan tun kafin ku kira Uwar Zuma," in ji ta. "Tsoro na ji. A aika a dawo da su."

Shamuwa ta shiga gyaran gashin fiffikenta. Gafiya ya tsura wa farcensa ido. Ga shi babu ƙugin da za a fake da shi.

Can Ɓauna ya yi gyaran murya. "Mun gode wa Malama da wannan nuni. Sai dai hukuncin majalisa ba riga ba ce da za a tuɓe. Kuma ba a sa kayan wani a soket ɗin wani sai da yardar kwamiti. A mayar."

Ita aka sa ta mayar, da hannunta.

Magatakarda ya rubuta cewa tun tafiyar zuma ƙugin ya ragu ƙwarai. Da bazara ta zo ɗorawa ta yi fure ba ta yi 'ya'ya ba, majalisa kuwa ta gayyaci tururuwa ta zo ta yi bayani.