Ƙafa Huɗu Kuka Ce, Uku Muka Gani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya ƙera motata, in har kamfanin yana nan da ransa.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ina fatan taka motar ta tashi yau da safe ba tare da an tara maƙwabta ba.

Ranka ya daɗe, ni ne mai tsohuwar motar nan taku mai ja da ƙafa huɗu, wadda aka ce ba ta tsoron taɓo, ba ta tsoron dutse. Wannan gaskiya ne, domin ba kasafai take isa inda suke ba. Na saye ta ne saboda mahaifiyata, wadda ke zaune a ƙauye bayan wani kwari da ƙaramar mota ba ta tsallake shi in ruwa ya sauka. Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, likita ya sa ranar aiki, damina kuma ta kankama. Ga 'yan koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya, lagireto. Shin mota kuka ƙera ko tukunyar dafa ruwa? Kujerar baya ta zama ta jarkokin ruwa, yarana a kansu suke zama.

Na biyu, baƙin mai. Duk inda ta kwana sai ta bar shaida a ƙasa. Matata ta ce in ɓarawo ya ɗauke ta, ɗigon kawai za mu bi, mu same shi a kwanar layi yana neman masu turi.

Na uku, ba ta tashi sai a gangare. Saboda haka na daina zumunci da duk ɗan'uwan da gidansa yake a shimfiɗaɗɗen wuri. Surukina yana ta yayatawa wai tunda na yi mota na fi ƙarfin gaishe shi.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni barci. Wane gwani ne a cikinku ya tsara cewa tayoyin gaba ba za su ja ba sai direba ya sauko ya murɗa wani makulli a jikin kowacce da hannu? Ya taɓa durƙusawa cikin taɓo kuwa? Makon jiya na je ɗauko tsohuwa. Na sauka a tsakiyar kwarin, na murɗa na dama ya kama, na hagu ya yi ta juyawa a banza. Shanun wani manomi ne suka jawo mu baya, ni da dokin ƙarfenku, ban ko kai ga tsohuwa ba, manomin yana tambayata ko sayarwa zan yi ya zuba kaji a ciki.

Makanikena, wanda ake kira Ɗaure-da-Waya saboda salon gyaransa, ya kwance makullin ya girgiza kai. Ya ce, "Maigida, wannan ko waya ta ƙi shi. An daina yin sa tun ina goye. Rubuta wa masu ita, in akwai saura."

To, ga shi na rubuta. Ƙarfen bai fi murfin kwalba girma ba. Don Allah a sa wani ya duba ƙasan durowa. In ranar aikin idon nan ta wuce, likitan ba zai dawo ba sai baɗi, kuma wallahi tsoro nake ji.

Jiya na buga wa tsohuwa waya ina ba ta haƙuri. Ta ce, "Kada ka wahalar da kanka. Ai ko lokacin da idona ke gani, ban taɓa ganin motar nan tana tafiya da kanta ba." Ta yi ta dariya. Ni ban iya yi ba.

Ranka ya daɗe, so nake in an kwance mata bandeji ta ga motarku tana tafiya babu kowa a bayanta. Idonta ne, amma mutuncinku ne.

Naka mai biyayya, tsugunne a gaban tayar hagu,

Mai Jarka