Akwatin Wifi a Cikin Kwalla

"Ya ƙarin haƙuri, amaryata?"

"Da godiya. Cire takalmin nan, ka kwaso mini taɓon unguwar Brik gaba ɗaya."

Tahiru ya cire, ya durƙusa a bakin tabarma. Tun da kakansa ya rasu Hajiya Fanta ke takaba a ɗakin nan, abinci ma sai an yi da gaske take taɓawa. Sunan marigayin ya ci, shi ya sa kakar ba ta kama sunansa, sai dai Maigida. A da kafin ya zauna ta wanke shi tas. Yanzu tsiyar ma ta yi sanyi, abin da ya fi damunsa ke nan.

Jiya ya rufe shagonsa na gyaran waya a kasuwar Mokolo ya zo ya kafa mata akwatin wifi, don ta riƙa ganin 'yarta Rahinatu da ke aure a Libreville, wadda ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ya gwada, komai tsaf. Amma da safe Rahinatu ta kira shi tana kuka, wai ta yi ta bugawa ba ya shiga, ko Inna fushi take da ita?

Ya duba kan kabet, babu akwati. Sai igiyar wuta da ta bi gefen wata babbar kwalla ta shige ƙarƙashin murfi.

"Ina kayana?"

"Wane kaya gare ka, mijin da ko sabulu bai taɓa sayo mini ba?"

"Ni da na kawo miki duniya a akwati?"

"Duniyar da ke ƙifta ido kamar ɓera? Takaba nake, ba na zama ɗaki ɗaya da baƙo mai koren ido."

Ya ɗaga murfin. Ga akwatin nan kwance kan zannuwanta, ya yi zafi zau, yana ƙamshin turare. Ya yi mata bayani cewa rezo, wato sabis ɗin intanet, ba ya ratsa ƙarfe, ta ce ai damina ce, kwanon ɗakin yoyo yake, kuma tun zamanin uwarta duk abu mai daraja a kwalla ake ɓoye shi.

"Kai ma da kana da daraja da tuni na saka ka."

"Tsohuwar da ta girmi titin Mesa ce za ta koya mini aiki?"

"Ji shi, ƙafafu kamar tsinken soya."

Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ruwa ake tafkawa a waje, amma saman kabet ɗin a bushe yake ƙayau. Ta ga ya gani. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Can ta ce, "Fuskar ubanta ce da ita, Maigida. In na gan ta ban san yadda zan yi ba."

Tausayinta ya kama shi. Ya so ya lallashe ta, amma ya san Hajiya, lallashi ƙara rufe ta yake. Sai ya gyara zama.

"To ni da sunansa nake yawo, kullum kina kallona, ga ki nan daram."

"Kai suna ka ɗauko, kyan ka bar masa."

"Shi ke nan, bari in gaya wa Gwaggo Rahinatu gaskiya. Matar da ta kori ɓarawo da muciya har unguwar Nkomkana yau waya take tsoro."

"Ni? Tsoro?"

"Har kin sa mata murfi."

Dariya ta kufce mata, 'yar gajera, mai haɗe da hawaye. Ta ce ya fito da tsiyarsa ya ɗora inda ya ga dama. Da ya gama, ta zura hannu can ƙasan kwallar ta zaro hular marigayi, wadda yake zuwa Juma'a da ita, ta miƙa masa.

"Rufe wannan kan naka mai kama da kwakwa, kada ka firgita mini 'ya."

Bai gama sawa ba wayarta ta fara ruri a kan tabarma. Hajiya ta share fuska da bakin mayafi, ta matso.

"Danna mini. Kuma kada ka tashi."