Ranar da Keke Ya Hau Ni

Da na ari keken Kawu Ladan, sai da na rantse ma abokaina a kasuwar Isa cewa za ni Alkalawa in gano tsohon birnin Gobir, in dawo musu da labari. Ɗan karatun elemantaren da na taɓa shi ya ba ni dabara. Na sa gajeren wandon kaki da jar dara, don ƙauyawa su ɗauka masinjan Baturen mulki Di'o ne, su tarbe ni da hura da kaji.

Sun kuwa ɗauka. Ina shiga garin Gangara ina kaɗa ƙararrawa, wani ya ce, "Ga masu karɓar jangalin shanu nan." Kafin in sauka gari ya watse. Shanu sunka yi daji, maza sunka bi su, mata sunka shige ɗaka. Nan kuma ƙaya ta huda mini taya.

Na bi gida-gida da busasshen maƙogwaro, ina rantsuwa ni ba kowan kowa ba ne, ruwa kawai nike so. Wata tsohuwa ta leƙo ta kan darni ta ce, "Ranka shi daɗe, ba kowa garin ga. Ni ma ba ni nan."

Na tuɓe darar, na zauna na yi kukana ba mai lallashi. Haka na aza keken kawu a ka na kamo hanyar gida, ko tudun ganuwar Alkalawa ban gani ba.

Har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya miƙe ya sara mini: "Masinja, ina keken? Ko yau ya gaji da hawanka?"