Ranar da Gogo Ta Ɗauko Mijinta

Jiya Asabar na biya wa reshen itace kuɗin mota, har da zaɓa masa kujerar bakin taga. Ku tsaya ku ji yadda aka yi kafin ku ce Shozi ya fara taɓuwa.

Maƙwabciyata ce ta ja ni, Gogo MaHlongwa, tsohuwar da fallen kwano ɗaya ya raba ɗakina da nata a wannan sansani da hukumar gari ke kira masaukin wucin gadi. Mu Jira-Kaɗan muke ce masa. Shekarar da ambaliya ta cinye mana gidaje aka kwaso mu aka zube a nan, shugaban hukumar, Mai Girma Uban Alkawari, ya hau tebur ya rantse wata shida kacal za mu yi. Jikata da aka haifa a makon da muka sauka, yanzu ita ke karanta mini saƙon waya. Ban ce ya yi ƙarya ba, Allah ya tsare bakina. Wataƙila watan manya ya fi namu tsawo ne.

To, kun san al'adarmu. In gida ya tashi, ba a barin mamatansa a baya. A sari reshen magaryar kura, a je tsohon gida a kira mamaci da sunansa, a ɗauko shi a kai shi sabon wuri. Mijin Gogo, marigayi Baba Mthiyane, a tsohon gidan ya cika, kuma tun farko ta ƙi ɗauko shi. Ta ce dattijo ba kayan talla ba ne da za a yi ta yawo da shi. Sai an ba ta gidan bulo mai ƙofa da lamba, sannan ta kai shi sau ɗaya ya huta. Haka ta bar shi can tana jiran makulli.

Bana ƙirjinta ya matsa mata. Ta kira ni ta hujin bango.

"Shozi, ɗana, mutumin nan ya dame ni a mafarki. A jiƙe yake zuwa, yana tambaya ina muka koma. In na mutu ban ɗauko shi ba, wa ya rage da zai je?"

"Gogo, ƙara haƙuri kaɗan, zaɓe ya kusa."

"Zaɓe nawa na ƙara haƙuri? Ɗauko hularka."

Mun tarar an kewaye tsohuwar unguwarmu da waya. A bakin ƙofa ga wani ƙaton allo mai hoton gidajen da aka yi alkawarin gina mana, da furanni, da iyalai suna ta dariya. Rana ta koɗe hoton har haƙoran sun ɓace. Bayan allon kuwa ciyawa ce da awaki.

Mai gadi ya tare mu. "Ina zuwa, Baba? Wurin nan na hukuma ne."

"Mutum za mu ɗauka."

"Ba kowa a ciki."

"Akwai. Ya ma riga ka kama aiki a nan."

Da ya ga reshen a hannun Gogo, sai ya cire hula ya buɗe mana. Ya ce mu hanzarta, don manya na tafe su sake aza harsashin ginin. Ga dutsen can kuwa ana wanke shi da sabulu, shi ne dai na bara da na bara waccan. Wannan tattali ya burge ni. Wa ya ce ba a alkinta dukiyar talakawa?

Gogo ta durƙusa inda ƙofarta take a da, ta kira mijinta da kirarin gidansu, ta ce ya taso. Daga nan ba ta da damar yin magana da mai rai, ba ta da damar waiwaye, har sai ta shigar da shi ɗaki. Ni na zama bakinta.

A mota ta ajiye reshen a kujerarsa tana yi masa raɗa: "Baba, muna haye gada. Baba, ga kasuwa." Wani fasinja ya sunkuyo ya tambaye ni ina za a kai dattijon.

"Jira-Kaɗan."

"Kai! Me ya yi muku?"

Muna sauka muka tarar da taro. Mota da lasifika, da mai kyamara, da wata 'yar kwalisa daga ofis, tana taka taɓonmu kamar zai cije ta. Albishir ta kawo. An sami masu kuɗi da za su gina kantuna a filin sansanin, saboda haka wata mai zuwa za a kwashe mu zuwa wani sabon masaukin wucin gadi can bayan juji. Na ɗan lokaci ne, in ji ta.

Idonta ya faɗa kan Gogo. "Gogo, kin ji abin alheri? Faɗa wa kyamara yadda kike ji!"

Gogo ta ƙanƙame reshenta, ba ta ce uffan ba.

"Kun gani ko?" in ji 'yar kwalisa. "Murna ta hana ta magana!" Abokan tafiyarta suka tafa.

Tsohuwar ta ratsa su ta shiga ɗakinta, ina biye. Ta ƙona turaren ganye, ta soke reshen a saman ƙofa tsakanin kwano da katako, sannan ta zauna a bakin gado tana haki.

"Baba, mun iso," ta ce. "Ka gafarce ni, ba gidan da na yi maka alkawari ba ne. Zauna ka huta. Amma kada ka cire takalmi."

Na fita waje, don ba na son tsohuwa ta ga ƙato na share ido. Wallahi abin ya ƙona mini rai, har yanzu bai sake ni ba.

Ga Masu Girma kuwa, jinjina da hannu biyu. Sauran hukumomi har yau masu rai kawai suka iya rabawa da matsuguni, namu sun wuce wannan ajin, sun shiga na matattu.

Da safen nan na jiyo Gogo ta bango, tana tari, tana tambayar mijinta ko can wajensu ma akwai hukumar gari.