Naman Auren Sani a Firigona

Ko da tsufa zai sa in manta komai, ba zan taɓa mantawa da naman auren ƙanena Sani ba. Har yau idan aka ɗauko zancen bikin nan a cikin dangi, sai in miƙe in ce zan duba tukunya, ko da ban ɗora komai a wuta ba.

Ni 'yar mahauta ce, haifaffiyar unguwar Farcha. Babanmu nama yake sayarwa, kakanmu ma haka. Ni ce na yi karatu, na zama malama a wata makarantar kuɗi, na auri ma'aikacin ofis, sai kaina ya kumbura. Na sa mijina a gaba da mita sai mun koma unguwar Goudji, inda ake ta gina sababbin gidaje masu dogayen ƙofofi. Ya ce albashinmu ba zai kai ba. Na ce waɗanda suke can da me suka fi mu? Da ya gaji da ni, muka kwashe kaya muka koma.

Wata bai cika ba na ga abin da yake gudu. Kuɗin haya ya haɗiye albashinsa ɗungurungum. Nawa kuwa aka yi watandarsa tsakanin mai turo mana ruwa, da mai babur ɗin da ke kai ni aiki, da mai gaz. Tumatirin da nake saya tsibi-tsibi a Farcha, a nan ɗai-ɗai ake ɗora mini shi a hannu kamar ƙwai. Da wata ya raba, sai miyarmu ta koma busasshiyar kuɓewa, ba ko ƙashi a ciki. Amma idan na je gida aka tambaye ni ya Goudji, sai in gyara mayafi in ce, "Ai unguwa ce ta hutu."

A wannan halin na ga wani firigo, wato firji, a kasuwar Dembé, wajen masu tsofaffin kaya. Fari tas, dogo, ya fi ni tsawo. Mai sayarwar bai yaudare ni ba, Allah ne shaida. Cewa ya yi, "Madam, an cire injinsa fa. Akwati ne kawai." Na ce a ɗora mini a amalanke, za mu sa inji ƙarshen wata. (Wannan ƙarshen watan har yau bai zo ba.) Na kafa shi a falo daidai saitin ƙofa, na yafa masa leshi, na ɗora furen roba. A ciki nake ajiye shinkafa da sukari da ganyen shayi saboda ɓera.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma duk ranar da na san 'yan Farcha za su zo, sai in sayo ruwan sanyi a shagon bakin titi in saka a ciki. Suna zama in buɗe ƙofar kaɗan, in tare da jikina, in fiddo gorar tana raɓa. Su sha, su yi ajiyar zuciya, su sa mini albarka. A unguwarmu ta Farcha har misali ake yi da ni, ni kuwa ina jin daɗi.

To, mu a cikin mahauta ba a ba da gudummawar biki da kuɗi. Nama ake bayarwa. Kowane abokin sana'a, ranar da ya yi yanka, sai ya ware cinya ko awaza ko hanta ya aiko gidan mai biki. Mata su kwana biyu suna suya, sauran a yanyanka shi siri-siri a shanya. A shekarar auren Sani kasuwa ta yi wa Baba nauyi, dabbobi sun yi tsada, masu saye sun ja baya, bai da halin yanka ko akuya don kansa. Wannan gudummawar ita ce naman bikin gaba ɗaya.

Ana jibi ɗaurin aure, ranar Alhamis, a tsakiyar zafin nan na watan Afrilu, na ji tsayuwar rakcha a ƙofar gida, wato babur mai ƙafa uku. Na leƙa sai ga Goggo Hadiza, ƙanwar Babanmu, tana sa direba ya sauke manyan robobi lulluɓe da buhu.

"Ɗiyata, Allah ya hutar da mu," ta ce tana share gumi. "Man suya ya yi tsada, itace ya yi tsada. Na ce wa mata me zai sa mu ƙone kanmu alhali muna da firigo a Goudji? Ki jera mana shi. Asabar da sassafe mu zo mu ɗauka, ɗanye shar, a yi wa dangin amarya miya su san gidan nama suka shigo."

Jama'a, magana ɗaya ce ta rage in yi. Rakchar ba ta ma tafi ba. Na dubi Goggo, na dubi direban da ya tsaya yana kallon firigon da sha'awa, sai na ji bakina yana cewa, "Ai akwai wuri, Goggo. Ki zauna ki huta, ni zan jera."

Ba ta ma zauna ba, tana sauri za ta karɓo ɗinki. Ta bar ni tsaye a tsakiyar falo da naman da ya kai rabin bijimin sa.

Da mijina ya dawo ya ga robobi, ya ga fuskata, bai tambayi komai ba. Wayarsa ya miƙo mini. "Maman Amira, kira Goggo. Yanzu. Kafin magariba sun dawo sun ɗauka." Na ce ya ba ni zuwa anjima, ai muna da maƙwabta.

Na fara da Hajja Zenaba, mai gidan benen da ke jikinmu, wadda ko gaisuwa sai na gyara murya nake yi mata. Da Larabci muke magana, don ba ta jin Hausa. Na yi kame-kame na ce firigona ya cika, ko za ta sam mini wuri. Sai ta kama hannuna ta ja ni har ɗakin girki, ta ɗaga murfin katon firizarta. Zannuwan gado ne a ciki, a ninke.

"Ya akhti, 'yar'uwata, tun bara a kashe take," ta ce da murya ƙasa-ƙasa. "Wuta ba ta zama, injin wuta yana son mai, yara suna son kuɗin makaranta. Wanne zan bari? Don Allah kada ki faɗa wa kowa."

Gida na gaba sun sayar da nasu. Na gaba da shi matar ta rantse makullin ɗakin yana hannun mijinta, kuma daga yadda ta kau da kai na san 'yar'uwa ce a wannan cuta. Na dawo ina mamaki. Ashe duk layin nan kowa ta kansa yake yi, muna ta gaisawa cikin turare muna tsoron juna.

Kamata ya yi wannan ya sa in kira Goggo. Maimakon haka na kwashi kuɗin cefanen sati na tafi neman ƙanƙara. An ɗauke wuta a rabin gari, masu ƙanƙara sun ninka kuɗinta, ɗan abin da na samu ko kashi ɗaya na naman bai rufe ba. Na fitar da shinkafa da sukari, na cusa nama, na cusa ƙanƙara, na danne ƙofa, na mayar da leshi da fure. (Ku lura, furen ban manta da shi ba.)

Da gari ya waye, wani jan ruwa ya biyo ƙarƙashin firigon ya jiƙa darduma. Mijina ya sake miƙo waya kafin ya fita. Na ce na san abin da zan yi, ni fa 'yar mahauta ce. Na aika makaranta cewa ba ni da lafiya, na ɗora kasko na fara suya da ɗan man da ya rage. Kasko na farko ya fita lafiya, na biyu ma haka. Ina cikin na uku wutar ta yi shuɗi, ta yi ja, ta mutu. Gaz ya ƙare. Na girgiza tukunyar gaz ɗin, na kwantar da ita, na roƙe ta, shiru. Kuɗin sayen wani gaz ɗin kuwa sun narke tun jiya.

Zuwa azahar ƙudaje sun gano gidana. Zuwa la'asar na ƙona duk turaren wutan da na mallaka, falon ya koma wani irin wari da ban san sunansa ba. Ina durƙushe ina goge darduma na ji sallama.

Goggo ce, wadda ta ce sai Asabar. Kuma ba ita kaɗai ba. Ta zo da innar amarya, wata dattijuwa mai gilashi, wai sun fito daga kasuwa ta ce bari ta nuna mata gidan ɗiyarsu ta Goudji, su sha ruwan sanyi.

Suna shigowa Goggo ta tsaya cak. Matar da ta yi shekara da shekaru tana aikin nama ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta wuce ni ta kama hannun firigon.

"Goggo, wuta ce aka ɗauke..." na fara.

Ta buɗe. Ba zan kwatanta muku ba, wataƙila kuna cin abinci. Innar amarya ta toshe hanci da mayafi, amma don kirki ta so ta taimake ni. Ta ce, "Wutar garin nan ai sai haƙuri, ko dai waya ce ta zare?" Ta zagaya bayan firigon ta duba. Sai ta ga babu waya ko ɗaya. Inda inji ya kamata ya zauna, rami ne, kuma 'yata Amira ta daɗe da mayar da shi ɗakin 'yartsanarta. Baiwar Allah ta miƙe riƙe da 'yartsana a hannu, ta rasa inda za ta ajiye ta.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira ashar, don Goggo ba ta da wasa a kan nama. Amma ba naman take kallo ba. Tana kallon ɗan ƙullin shinkafar da na fitar na ajiye a gefe, da kwalbar man da na tatse, da tukunyar gaz a kwance. A hankali ta ce, "Tun yaushe kuke haka?" A nan na fashe da kuka.

Ta sallami innar amarya da ban haƙuri, ta sa na ɗauki soyayyen da ya tsira, ta ce, "Tashi. Da bakinki za ki faɗa wa ubanki."

Muka same shi a ƙofar gida kan tabarma, tare da mutanen da suka ba da naman. Na durƙusa na faɗa masa komai a gabansu, tun daga Dembé. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Na san abin da yake lissafawa: gobe ɗaurin aure, kuma ba a karɓar gudummawa sau biyu.

Da ya ɗago sai ya ce, "Yaran me suke ci?"

Na ce kuɓewa.

"Kuɓewa zalla? Jikokina? Ni ina nan ina ba almajiran sana'a ƙashi da kitse kullum yamma? Nama ya lalace, ya lalace, ba yau na fara asara ba. Amma ki ji kunyar ce mini babu? Ni? A cikin babu na haife ki."

An ɗaura auren Sani washegari. Soyayyen naman aka kai wa dangin amarya, kowa guntu. Sauran jama'a, ciki har da manyan mahautan Farcha da 'yan tireda na shanu, bandar kifi suka ci da miyar kuɓewa. Har yau a cikin dangi sunan bikin nan auren banda. Sani ya yafe mini, amma duk Sallah sai ya kira ni ya tambaya ko akwai wuri.

Muna nan a Goudji, don ko kuɗin tashi ba mu da su. Abin da ya canja shi ne bakina. Yanzu idan baƙo ya zo, kafin ya zauna nake gaya masa ruwan randa ne, shayin ba madara. Ni da Hajja Zenaba tukunyar gaz ɗaya muke karɓa-karɓa, kuma mun daina gyara wa juna murya. Na gane cewa a garin nan komai ya ƙara kuɗi ban da faɗin "ba ni da shi". Shi kaɗai ne kyauta, ni kuwa sai da na saye shi da rabin bijimin sa.