Rasuwar Gwaggo, Lasifikar Aji Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro mai raɗaɗi, malamar aji biyu take sanar da iyaye da abokan aiki rasuwar lasifikarta, wadda yara suka fi sani da Gwaggo.

Marigayiyar ba ta fi tafin hannu ba, amma muryarta har bencin ƙarshe. A ƙugun malama ta yi rayuwarta, kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba, sai dai ta kunna jar fitilarta cikin ladabi.

Babban alherinta ga Fara ta yi shi, yarinyar nan mai na'urar ji a kunne. Kafin zuwan Gwaggo, Fara fuskokin 'yan aji take karantawa. Sai an gama dariya sannan ta fara tata. Ranar da aka kunna Gwaggo, malama ta kwaikwayi kukan akuya, Fara ta riga kowa tuntsirewa. Malama ta juya ga allo, ta daɗe tana goge wurin da babu rubutu.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma gaskiya Gwaggo ba ta riƙe sirri. Ita ce ta sanar da aji duka, daga bayan ƙofa, ra'ayin malama game da sabon askin shugaban makaranta.

Ciwon ya fara da dushewar murya. Daga baya ta riƙa tari, “ƙrrr, ƙrrr,” wani lokaci ta saki fito, “fiiii,” har mai gadi ya leƙo. An kai ta wurin mai gyara, ya buɗe cikinta, ya hura, ya girgiza kai. Duk da haka ta lallaɓa ta koma bakin aiki. Ana tsakiyar shifta ta cika. Kalmarta ta ƙarshe “kifi” ce, rabinta ma ta samu faɗa, shi ya sa Fara ta rubuta “ki” ta ɗaga kai tana jiran sauran.

Ta rasu ta bar makirufo guda, da caja mai ɗaurin salatif, da aji cike da marayu, da malama wadda yanzu ko “ku zauna” sai da hannu take faɗa.

Za a kwantar da ita a kwalin da ta zo a ciki, a saman kabad, bayan tashi daga makaranta. Fara ce za ta karɓi gaisuwa, a sabon wurinta na bencin gaba. Ana roƙon masu zuwa su tsaya inda haske yake, su dube ta ido da ido, su yi magana a hankali, ban da ihu, ban da rufe baki. Shugaban makaranta ma ana gayyatarsa, ko da ya zo da sabuwar lasifika ba za a ce ya yi gaggawa ba.